Kunyoyin ƙarya a taswirar laida: aikin hekta 600 a kwarin Hadeja

Hekta 600 aka ba mu, fili mai tsawon kilomita uku da faɗin biyu a wata fadama ta kwarin kogin Hadeja, aka ce a fito da taswirar tudu da kwari wadda injiniyan ban-ruwa zai zana magudanai a kanta. Ƙasar wajen shimfiɗe take kamar faifai. Tun ranar farko injiniyan ya faɗa mana cewa gangaren da yake nema wa babbar magudana bai wuce santimita 20 a kilomita guda ba, don haka kuskuren tsayi kada ya haura santimita 10. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin kacalla ce, wadda ta yi ƙarfi a yankin tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke zuwa da janyewa. Sauran gonakin shinkafa ne, da goruba da gawo jefi-jefi.

Na'urarmu laida ce da ake ɗaura wa jirgi mara matuƙi, wato na'urar da ke harba haske ƙasa ta auna nisa daga lokacin da ya ɗauka ya dawo, duk inda hasken ya taɓa ya zama ɗigo ɗaya mai tsayinsa. Tana harba hasken leza sau 240,000 a daƙiƙa, zangon hasken nanomita 905, tana shara da buɗewar digiri 70, wato 35 dama 35 hagu. Takardun izini, kafa tashar GPS a kan bikon awon ƙasa da aka san matsayinsa, mayar da tsayi kan ma'aunin tsayi daga matakin teku na EGM2008, ɗora komai kan shiyya ta 32 ta tsarin taswira na UTM, duk waɗannan sun tafi yadda ya kamata, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Inda na yanke wa kaina shi ne tsarin tashi, kuma a kan tebur na yi kuskuren, kwana biyu kafin mu bar gari.

Ga lissafin da na yi. A tsayin mita 120, buɗewar digiri 70 tana ba da ziri, wato sashen da na'ura ke sharewa a layi ɗaya, mai faɗin mita 168 a ƙasa. Idan jirgi yana gudun mita 12 a daƙiƙa, a kowace daƙiƙa yana share murabba'in mita 2,016, ka raba 240,000 da wannan ka sami ɗigo 119 a kowane murabba'in mita. Na dubi wannan adadi na ce mun wuce buƙata nesa ba kusa ba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a matakin inganci na biyu da ta gindaya wa yawancin taswirar laida ta ƙasarta, ɗigo biyu kacal take nema a murabba'in mita, da kuskuren tsayi na santimita 10. Mu muna da 119. Sai na rage hawan ziri a kan ziri zuwa kashi 20 cikin ɗari, tazarar layi da layi ta zama mita 134, layi goma sha biyar masu tsawon kilomita uku-uku, jimilla kilomita 45. Sa'a ɗaya da 'yan mintuna a sama, aiki ya ƙare da hantsi. Layin gicciye, wanda zai ratsa sauran layukan ta faɗi, na cire shi daga tsarin don a rage sauyin batir ɗaya. Tsawonsa kilomita biyu ne, bai kai minti uku ba.

Fegin gwaji, wato wuraren da muka auna tsayinsu a ƙasa don gwada taswira, goma sha biyu muka kafa, dukkansu a kan titin burji da ya ratsa filin, saboda nan ne mota ke iya shiga a watan Nuwamba, ruwa bai gama janyewa ba. Kuma da titin na daidaita layukan tashi, har ɗaya daga cikinsu ya bi kusan ta kansa. Da muka sarrafa bayanan, bambanci tsakanin fegi da ɗigon laida bai wuce santimita uku ba. Na duba inda ziri ya hau ziri, nan ma santimita biyu zuwa uku. Na miƙa aiki da kwanciyar hankali.

Bayan mako guda injiniyan ya yanka taswirar ta faɗi don ya ga yadda ƙananan magudanai za su kwanta, sai ya ga ƙasa tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka, kusan santimita 12 daga tudu zuwa kwari, a tsare kamar an ja da igiya. Ya aiko min da hoton yankan. Na auna daga tudu zuwa tudu na sami mita 268. Ninki biyu na 134 ke nan. Babu fadamar da Allah ya shimfiɗa da ta san tazarar layin da na zaɓa. Da na buɗe taswirar a manhajar QGIS na sa mata inuwa, na ninka tsayin sau ashirin, sai ga kunyoyi a miƙe daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, kamar an sa garma.

Dalilin yana da sauƙin faɗa, wuyar gani ne da shi. Tsakanin kan lezar da na'urar da ke auna karkatar jirgi akwai 'yar kusurwar da ake aunawa a shigar cikin manhaja. Tamu ta goce ta gefen kifewa, wato karkata dama ko hagu, da kusan digiri 0.05, kuma ban yi tashin daidaitawa ba tun da aka kwance na'urar aka sake ɗaurawa, balle bayan jijjigar da ta sha a bayan mota a kan hanya. Digiri 0.05 ba komai ba ne a ido. Amma kuskuren tsayi da take haifarwa yana ƙaruwa ne da nisan ɗigo daga tsakiyar layi: daidai ƙarƙashin cikin jirgi babu shi, a mita 67 gefe ya kusa santimita shida, a bakin ziri, mita 84, ya haura bakwai. Hannun dama ya ɗaga, hannun hagu ya nutse.

Yanzu ka tuna yadda jirgi ke tafiya: ya je, ya juyo, ya dawo ta layi na gaba. Idan ya tafi arewa, damansa gabas ne. Da ya juyo kudu a layin da ke gabashin na farko, damansa ya koma yamma. Ke nan a mahaɗar waɗannan layuka biyu, dama ce ta haɗu da dama, dukkansu sun ɗaga tare. A mahaɗa ta gaba hagu ce ta haɗu da hagu, sun nutse tare. Shi ya sa tudu da kwari suke zagayowa duk bayan layi biyu. Kuma shi ya sa duba mahaɗa bai tona komai ba: zirin biyu sun yi ƙarya iri ɗaya a wuri ɗaya. A tsakiyar mahaɗar bambancinsu sifili ne, a bakinta, da yake faɗinta mita 34 ne kawai, bai wuce santimita uku ba, wanda ciyawa da hayaniyar na'ura suka isa su ɓoye. Fegin gwajin kuma suna kan titi, titin yana kusa da tsakiyar layi, inda kuskuren ba ya nan sam. Gwaji biyu na yi, dukkansu na kafa su ne a inda ba za su iya gani ba. Layin gicciye ɗaya da ya yanka kunyoyin nan duka a tashi guda, a ranar, muna tsaye a fili.

Wannan rabin matsalar ta gyaru ba tare da komawa fadama ba. Mun nemi wuri mai fili shimfiɗaɗɗe da dogon gini mai rufin kwano doro biyu, muka yi tashin daidaitawa. Ga wanda bai taɓa yi da kansa ba: ka bi layi ɗaya tafiya da dawowa a kan fili mai santsi, ka yanka ta faɗi, in ka ga zirin biyu sun gitta juna kamar almakashi, kifewa ce ta goce. Ka ratsa doron rufin tafiya da dawowa, in ƙololuwar ta rabu biyu ɗaya gaba ɗaya baya, dungurawa ce, wato karkata gaba ko baya. Ka bi layi biyu a jere da ginin a tsakaninsu, yana gefen kowane ziri, kana fuskantar waje ɗaya, in ginin ya zame gaba a ɗaya baya a ɗaya, juyawar kai ce ta goce. A yi a tsayi biyu, mu mita 60 da 120 muka yi, don a raba kuskuren kusurwa, wanda ke girma da tsayi, daga kuskuren auna tazarar eriya da na'ura, wanda ba ya girma. Da muka sa sababbin kusurwoyin muka sake sarrafa tsohon bayani, kunyoyin suka kwanta. Abin da ya rage ɗan murɗewa ne a ƙarshen dogayen layuka, don layin kilomita uku a gudu ɗaya yana cin sama da minti huɗu babu juyi babu ƙarin gudu, kuma ƙaramar na'urar auna karkata irin ta waɗannan jirage tana fara ɓatan kai in ta daɗe ba ta ji motsi ba. A gonakin shinkafa da ke fili dai mun sauko ƙasa da santimita 10.

A kacalla kuwa babu gyaran da ya yi aiki, kuma nan ne na gane abin da adadin 119 ya rufe min.

Ɗigo 119 ɗin nan duk abin da haske ya taɓa ne: ganye, kara, reshen goruba, bayan saniya. Injiniya ba ya gina magudana a kan ganye. Da na ware ɗigon ƙasa kaɗai a manhajar CloudCompare, na rarraba su bisa kusurwar da aka harba su, wadda fayil na LAS, irin fayil ɗin da ake ajiye ɗigon laida a ciki, yake ajiyewa ga kowane ɗigo, sai hoton ya fito sarai. Kusa da tsakiyar layi, cikin digiri goma zuwa sha biyar, ana samun 'yan ɗigo da suka kai ƙasa a yawancin murabba'in mita. Da an wuce digiri 25 sai a yi taku da yawa ba a ga ko ɗaya ba, waɗanda manhaja ta kira ƙasa kuma, da muka je muka dafa sandar GPS a wurin daga baya, a kan tabarmar matattun ganye suke, wani wuri rabin mita sama da laka.

Kacalla tsaye take, ganyenta dogaye a miƙe, tsayinta mita biyu zuwa uku. Hasken da ya sauko kusan a tsaye yana iya bi ta tsakanin kara da kara. Wanda ya zo a karkace dole ya keta su. A kacalla mai mita biyu da rabi, haske mai kusurwar digiri 10 yana matsawa gefe santimita 44 kafin ya kai gindi. Mai digiri 35 yana matsawa mita ɗaya da santimita 75. Ka ƙiyasta yawan karan da ke cikin wannan tazara. Ga shi kuma ya riga ya yi rauni: nisan da ya yi a karkace mita 146 ne maimakon 120, ƙarfin abin da ke dawowa yana raguwa da murabba'in nisa, wato kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi tun kafin a yi maganar ganye. Baƙar laka mai danshi ba ta mayar da haske sosai. Nisan da ake rubutawa da manyan haruffa a takardar na'ura na abu mai haske ne, ka nemi layin da ke cewa kashi 10 cikin ɗari na mayarwa, shi ne naka in fadama za ka shiga. Sawun hasken ma, wato faɗin inda yake sauka, yana buɗewa. Kowane milirediyan ɗaya (ma'aunin ƙananan kusurwoyi) na buɗewa santimita 10 ne a nisan mita 100, a gefen ziri kuma sawun yana miƙewa ya kusa ninki ɗaya da rabi ta faɗi. Sawu mai faɗi yana ɗebo ganye da yawa, ɗan abin da ya tsira ya kai ƙasa ba ya isa na'ura ta ƙirga shi.

Akwai kuma wani iyaka da mutane ke mantawa in an ce musu na'ura tana karɓar dawowa uku ko biyar daga harbi ɗaya. Haske yana tafiyar santimita 30 a nanodaƙiƙa guda (ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa), tafiya da dawowa ke nan santimita 15 na nisa. Idan tsawon harbin nanodaƙiƙa biyar ne, abu biyu da tazararsu ba ta kai kimanin santimita 75 ba suna narkewa su zama amsa ɗaya, kuma amsar tana faɗawa wani wuri tsakaninsu. Shi ya sa tabarmar ganyen da ke kwance kusa da laka ta fi dogon bishiya cutarwa. Ƙarƙashin gawo mun sami ƙasa da kyau. Ƙarƙashin ciyawar da ba ta wuce gwiwa ba, taswira ta ɗaga.

Maganin da kowa zai fara kawowa shi ne a yanke gefen ziri a yi aiki da tsakiya. Na gwada. A tsayin mita 120, in ka tsaya a digiri 25 dama da hagu, zirin ya koma mita 112. Tazarar layina 134. Ramin mita 22 ke nan tsakanin kowane layi biyu, daga farkon fili har ƙarshe. Mafi ƙarancin da zan iya yankewa ba tare da rami ba shi ne kusan digiri 30, wanda bai cire komai daga cutar ba. A da ina ɗaukar hawan ziri a kan ziri a matsayin asarar batir, wurin da aka auna sau biyu a banza. Ashe shi ne abin da ke ba ka damar zubar da gefe. Da na rage shi zuwa kashi 20, na tilasta wa kaina amfani da mafi munin ɗigon da na'urar ke bayarwa, a kusan rabin filin. Garin neman gira aka rasa ido.

Dole muka koma, kuma ba a lokacin da muke so ba. A Nuwamba akwai ruwa kwance a gindin kacalla da yawa, hasken nanomita 905 kuwa ruwa shanye shi yake, ko kuma ya wulla shi gefe kamar madubi, sai dai in ya faɗo daidai a tsaye. Disamba zuwa Fabrairu hazo ne. Mun gwada tashi ɗaya a ranar ƙura, tarin ɗigon ya fito da hayaƙin ɗigo na ƙarya a sama kusa da jirgi, gefen ziri ya ƙara raguwa, tagar na'urar kuma sai an goge ta duk sauka. Sai ƙarshen Maris muka samu, ruwa ya ja baya, kacalla ta bushe, wani wuri an yanke wani wuri an ƙone. Wata huɗu injiniya yana jira, kuma laifin ba na yanayi ba ne, da na tsara tashin farko daidai da an san tun Nuwamba wane yanki ne zai jira rani, wane ne ya kammala. Abu ɗaya game da lokaci, ga mai aiki a ƙasarmu: shawarar da ake karantawa cewa a jira bishiyoyi su zubar da ganye ba ta hau kan gawo, shi da damina yake zubarwa, da rani yake cika. In filinka gawo ya yi yawa, rani ba zai buɗe maka komai a ƙarƙashinsa ba, kusurwa ce za ta buɗe. Wurin da aka ƙone kuma baƙin toka yana shanye haske, a sauko ƙasa kaɗan a kansa.

Ga tsarin karo na biyu, a kan hekta 200 na kacalla. Tsayi mita 70, ziri ya zama mita 98. Gudu mita shida a daƙiƙa, wanda ke ba da ɗigo sama da 400 a murabba'in mita daga ziri ɗaya. Amma ba daga wannan adadi na fara ba. Na fara ne da tambayar wace kusurwa ce mafi girma da zan yarda da ita, na ce kada wani wuri a filin ya rasa layin da ke kallonsa da ƙasa da digiri 18. Daga nan tazarar layi ta fito, mita 45, don wuri mafi nisa daga layi yana mita 22 da rabi, a tsayin mita 70 kuwa ɗan ƙasa da digiri 18 ke nan. Hawan ziri ya kama kashi 54 cikin ɗari, kowane wuri layi biyu aƙalla sun gan shi daga ɓangare biyu, ramin da ya toshe daga gabas wataƙila a buɗe yake daga yamma. Kilomita 44 na tashi, sa'a biyu a sama, a kan sulusin filin da a da na share gaba ɗayansa cikin sa'a guda. Wannan shi ne ainihin farashin, kuma shi ya kamata in rubuta a takardar kuɗin aiki tun farko.

Layukan mun datse su kada su wuce kilomita ɗaya, da ɗan ƙara gudu da birki a farko da ƙarshen kowane tashi don na'urar auna karkata ta farfaɗo. Mun bar ta ta yi ɗumi mintuna kafin tashi. Mun zaɓi shara mai maimaita layi ɗaya, ba mai zagaye kamar fure ba. Mai furen tana leƙa gaba da baya, tana da amfani in bango ko turken lantarki kake so, amma tana watsa harbi da yawa a manyan kusurwoyi, abin da muke gudu ke nan. A inda kacallar ta fi duhu, kusan hekta 50, mun sake bi ta gicciye da tazara iri ɗaya. Iskar wajen tana tashi da rana ta ɗaga, jirgi ya riƙa kwanciya gefe don ya riƙe layi, wanda ke tura zirin gefe ɗaya ya rage hawan da ka lissafa, don haka da sassafe muke tashi mu sauka kafin azahar. Sannan layin gicciye uku a kan dukan hekta 600, farko da tsakiya da ƙarshe, ƙasa da minti ashirin duka har da juyi. Da su muka ɗaure tsohon bayani da sabo, muka cire sauran murɗewar dogayen layukan Nuwamba.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar a hayo na'ura mai harbi miliyan ɗaya a daƙiƙa a ci gaba da tashi sama. Ban yarda ba, kuma har yanzu ina kan ra'ayina. A yawancin na'urori, in ka ƙara yawan harbi ƙarfin kowane harbi yana raguwa, nisan da yake kaiwa ya ragu. Kuma a harbi miliyan ɗaya, haske yana da damar zuwa mita 150 ne kawai ya dawo kafin na gaba ya fita, sai dai in na'urar ta iya bin harbi da yawa a iska lokaci guda. Abin da ya fi wannan, harbi dubu da suka zo a digiri 35 duk karan kacalla ɗaya za su ci karo da shi. Yawan harbi yana ƙara ɗigo a kan ganye. Ƙaramin sawu, gajeren harbi, da ƙaramar kusurwa su ne ke ƙara ɗigo a ƙasa. In da kuɗi za a kashe, a kashe a kan na'ura mai siririn haske da na'urar auna karkata mai kyau.

Fegin gwaji a wannan karo 36 muka kafa. Ƙa'idar ƙungiyar masu auna ƙasa daga sama ta Amurka, bugun 2023, ta ɗaga mafi ƙaranci daga 20 zuwa 30, kuma an daɗe ana raba gwajin fili daban da na cikin ciyayi. Adadin ba shi ne ya dame ni ba, inda aka kafa su ne. Mun jera su ta faɗin layukan tashi, wasu ƙarƙashin layi, wasu a tsakiyar tazara, wasu a gona, wasu mun kutsa cikin kacalla da adda muka kafa a laka. Waɗanda aka yi amfani da su wajen daidaita bayani ba a sa su cikin na gwaji ba. Fegin da ka ja taswira zuwa kansa ba zai taɓa ce maka ta karkace ba.

Wajen ware ɗigon ƙasa daga na ganye, hanyar da manhaja ke kifa tarin ɗigo ta yi kamar ta shimfiɗa masa mayafi ta yi kyau a gonaki, amma a kacalla tana kwanciya a kan tabarmar ganye. Abin da ya fi yi mana shi ne mu fara zubar da duk ɗigon da ya wuce digiri 20, mu tsaftace ɗigon ƙarya da suka faɗa ƙarƙashin ƙasa, don ɗaya daga cikinsu ya isa ya haƙa rijiya a taswira, sannan mu ɗauki mafi ƙasƙanci a kowane akwati mai mita biyar a matsayin iri, a gina alwatika a kai ana ƙara ɗigo a hankali da ƙaramin iyaka. A lura da gefen gona: in iyakar ta yi tsauri sosai tana aske kunyoyin shinkafa na gaskiya da bakin tsofaffin magudanai, waɗanda injiniya ke buƙatar gani. Saiti biyu muka yi, na gona daban na kacalla daban, muka ɗinke.

Girman akwatin taswira ma a Nuwamba ƙarya na yi wa kaina. Na fitar da santimita 25 don ɗigo 119 sun ba da tazarar kusan santimita tara tsakanin ɗigo da ɗigo. Amma inda ɗigon ƙasa ɗaya ne a murabba'in mita huɗu, tazarar mita biyu ce, akwatin santimita 25 a wurin zane ne kwamfuta ta yi tsakanin ɗigo biyu masu nisa. Yanzu da kowace taswira ina miƙa ta biyu, mai nuna yawan ɗigon ƙasa a kowane akwati, don mai zana magudana ya ga inda aka auna da inda aka cike. A wannan aiki gonaki sun fita a rabin mita, kacalla a mita ɗaya.

Kusan hekta 40 ba su taɓa bushewa ba, har a Maris kacallar a cikin ruwa take tsaye. Nan babu tsayi ko kusurwar da za ta kai haskenmu ƙasa. Akwai laida mai koren haske, nanomita 532, da ke ratsa ruwa, amma ruwa mai tsabta take so, ba ruwan fadama mai laka da ganye a kai ba. Kwalekwale muka haya, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana dafa doguwar sanda mai faranti a gindi don kada ta nutse cikin taɓo, eriyar GPS a samanta, ana ɗaukar awo duk mita 25 a hanyoyin da masunta suka riga suka buɗe. Kwana uku aka yi ana wannan. A taswirar da muka miƙa, yankin yana da launinsa daban da rubutu a kai cewa da sanda aka auna shi, tazarar awo mita 25, kada a ɗauki gangaren ƙaramar magudana daga cikinsa sai an koma an buga lebur.